Sakamako ɗaya ya fita daban a titireshan ɗina, in jefar da shi ko in bar shi?

Yar_Lab

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah waɗanda suka san kan kemistirin aune-aune ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. An ba mu ruwan asid HCl wanda an riga an san ƙarfinsa, a jikin kwalbar an rubuta 0.0960 M, aka ce mu auna shi da NaOH, wato bes ɗin da ke kashe asid, mai ƙarfin 0.1000 M mu ga ko za mu samo wannan lambar. Ina ɗibar mil 25.00 na asid ɗin da fifet (bututun ɗibar ruwa daidai gwargwado), in ɗiga fenoftalin mai canza launi idan asid ya ƙare, sai in riƙa sakin NaOH daga buret (dogon bututun awo mai famfo) har ruwan ya koma hoda-hoda. Ban da na farko da ake yi don share fage, ga abin da buret ya ba ni: 24.30, 24.35, 24.25, 24.55, 24.30.

To wannan 24.55 ɗin shi ne ya tsaya min a rai, sauran huɗun duk suna manne da juna shi kaɗai ya koma can gefe. Na yi gwajin Q na tantance lambar da ta fita daban yadda aka koya mana, tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi 0.20, tazarar babba da ƙarami 0.30, na raba na samu 0.667. Da na duba jadawali sai na ga a matakin amincewa na kashi 90 iyakar 0.642 ce, kenan in jefar, a kashi 95 kuma iyakar 0.710, kenan in bar shi. Gwaji ɗaya amsa biyu, wanne zan bi fisabilillahi? In na bar shi ƙarfin asid ɗin yana fitowa 0.0974, in na cire shi 0.0972, duka dai kusa suke da 0.0960 ɗin don haka wannan bai dame ni ba sosai, damuwata kawai abin da zan rubuta a rifot game da 24.55 ɗin.

Sharp_Sharp

Wa'alaikumussalam. Haba 'yar uwa wannan ai ba abin ɗaure kai ba ne, ki ɗauki na kashi 90 ki cire shi kawai ki wuce wurin, littattafai da yawa ma da kashi 90 suke koyar da Q ɗin. Ko da ido ma kowa ya kalli lambobin nan ya san hannunki ne ya zarce a wancan zagayen, ɗigo huɗu kawai in suka kuɓuce sun kai 0.20. Huɗun nan naki sun yi kyau wallahi, s ɗinsu, wato ma'aunin warwatsuwarsu, 0.04 ne fa, malaminku zai ji daɗin gani.

Dan_Kididdiga

Ɗan uwa Sharp_Sharp ka yi haƙuri amma ban goyi bayan wannan ba. Ba laifi ba ne mutum ya yi aiki da kashi 90, laifin shi ne ya ga sakamako tukuna sannan ya je yana zaɓen jadawalin da zai ba shi amsar da ransa ke so. Matakin amincewa tun kafin a taɓa buret ake yanke shi, in ɗakin gwajinku da kashi 95 yake aiki to shi kenan magana ta ƙare, 0.667 bai kai 0.710 ba, lambar tana nan daram. Kuma ki gane ƙanwata abin da kashi 90 yake nufi: ko da babu wata matsala ko kaɗan a aikinki, kusan sau ɗaya cikin goma gwajin zai nuna miki wata lamba mai lafiya ya ce ki jefar. A kashi 95 sau ɗaya cikin ashirin ne. Mai lambobi biyar kacal a hannu bai da rarar da zai riƙa zubarwa haka.

Na zauna na buga gwajin Grubbs ma don in ga ko zai raba gardama, tunda shi yanzu aka fi ba da shawarar a yi amfani da shi fiye da na Dixon, wato Q ɗin da kika yi. Matsakaicin biyar ɗin 24.35, s ɗinsu 0.117, sai ki ɗauki nisan wanda ake zargi daga matsakaici wato 0.20 ki raba da s, ya ba da 1.706. Iyakar kashi 95 ga lambobi biyar ita ce 1.715 in ana duba ɓangare biyu. Kin ga shi ma da ƙyar ya tsira, amma dai ya tsira. Za ki ga wasu littattafan sun sa 1.672, wannan na ɓangare ɗaya ne, ana amfani da shi ne in tun farko kina da dalilin cewa ta sama kaɗai kuskuren zai iya fitowa, ba wai bayan kin ga lambar ta haura sannan ki ce ai dama sama nake zargi ba.

Abin da zai halatta miki cire shi ba tare da wani jadawali ba shi ne shaida a littafin aikinki. In a lokacin kin rubuta cewa hodar ta yi duhu sosai a wannan zagayen, ko kin ga iska ta fita daga bakin buret, to kina da hujja, ki cire ki faɗi dalili a rifot. In ba ki rubuta komai ba, tunanin da zai zo miki yanzu na cewa kamar fa hannuna ya zarce ba shaida ba ce, zuciya ce kawai ke neman mafita.

Ga kuma abin da cirewar take yi wa rifot ɗin wanda mutane ba sa lura. Da lambobi biyar, t, wato lambar jadawali da ake fitar da faɗin ± da ita, na kashi 95 shi ne 2.776, ki ninka da s ki raba da tushen biyar, za ki rubuta 24.35 ± 0.15. Da huɗu t ya koma 3.182 amma s ya faɗo 0.041, sai ki rubuta 24.30 ± 0.065. Matsakaicin 0.05 kawai ya motsa, ɗigo ɗaya kenan, amma iƙirarin da kike yi na ƙwarewar hannunki ya ninka fiye da sau biyu. Nan ne haɗarin yake, ba a matsakaicin ba. In kina son lambar da irin wannan baren ba ya jijjiga ta, ki jera su daga ƙarami zuwa babba ki ɗauki ta tsakiya, 24.30 ce ko da shi ko ba shi, sai ki ambata a gefe.

Dama wannan t ɗin don irin halin da kike ciki aka ƙirƙire shi. William Gosset masanin kemistiri ne a kamfanin Guinness da ke Dublin, samfur kaɗan yake samu a kowane gwaji, ya lura lissafin da ake yi wa ɗaruruwan lambobi yana ruɗin mutum in lambobin huɗu ne ko biyar, ya buga aikin a 1908 da sunan aro. Shi ya sa t yake kumbura in lambobi sun yi kaɗan, da uku 4.303 ne, da biyu kuwa 12.7, alhali in suna da yawa sosai 1.96 ne kawai. Mafi sauƙin magani dai in akwai sauran asid ki ƙara zagaye biyu ko uku, da kansa 24.55 ɗin zai nuna ko bare ne ko ɗan gida.

Tsohon_Ma'aikacin_Lab

Duk abin da Malam Dan_Kididdiga ya faɗa daidai ne, ba ni da abin da zan cire a maganarsa, amma ni dai ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. 'Yata ki koma ki karanta layin ƙarshe na tambayarki, inda kika ce 0.0974 da 0.0972 duka kusa suke da 0.0960 don haka bai dame ki ba. Wannan shi ne ya kamata ya hana ki barci, ba 24.55 ba.

Ki lissafa mana. Mil 25.00 na asid 0.0960 M, in NaOH ɗin da gaske 0.1000 M ne, mil 24.00 cif ya kamata ya ci. Ke kuma mafi ƙanƙantar lambarki 24.25 ce. Babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ta sauko ƙasa da 24.00 ko ma ta matso kusa, dukansu suna sama, gefe ɗaya. Kuskuren kan mai uwa da wabi ba haka yake ba, shi yau ya kai ki sama gobe ya kai ki ƙasa, in kika yawaita maimaitawa sai ya riƙa cinye kansa. Wanda yake tura komai gefe ɗaya wani iri ne daban, karkata ce da ke cikin tsarin aikin, ko sau ɗari kika maimaita tana nan, sai ma dai ki ƙara samun ƙwarin gwiwa a kan amsar da ba daidai ba.

Kuma ba sai an yi ta da ka ba, t ɗin nan dai da ake magana shi zai faɗa miki. 24.35 a cire 24.00 saura 0.35, ki raba da s bisa tushen biyar wato 0.052, kin samu wajen 6.7, iyaka kuma 2.776. In kika bi shawarar Sharp_Sharp kika cire baren abin ma ƙara muni yake, t ya haura 14. Wato cire lambar ba ya gyara komai, ƙara tona asirin karkatar yake. Kashi 1.3 zuwa 1.5 cikin ɗari kike sama da gaskiya, a titireshan na asid da bes wannan babban abu ne, aikin da hannu mai kyau ke yi cikin kashi 0.2 ko ƙasa da haka.

Kada ki ce kayan gilas ne, bari in nuna miki ba za su iya ɗaukar wannan laifin ba. Fifet na mil 25 mai daraja ta A an yarje masa ± 0.03, buret na mil 50 kuma ± 0.05. Tunda kamfani iyaka kawai ya ba ki bai ce ga inda kuskuren ya fi zama ba, sai a raba kowanne da tushen uku, fifet ya zama 0.017 wato kashi 0.07, buret 0.029 wato kashi 0.12. Warwatsuwar hannunki 0.052 wato kashi 0.21. Ba tara su ake yi kai tsaye ba, kowanne a ninka shi da kansa, a haɗa, a ɗauki tushe, ya ba da wajen kashi 0.26, a ninka da biyu yadda aka saba don a kai kusan kashi 95, kashi 0.5 kenan, kimanin mil 0.12. Wannan ita ce hanyar da littafin jagora na ƙasa da ƙasa kan rashin tabbas a awo, wanda ake kira GUM, ya shimfiɗa tun 1993, kuma duk ɗakin gwajin da ke neman shaidar ISO 17025 sai ya iya ta. To 0.12 ina, 0.35 ina? Ko zafin ɗaki aka kawo, gilas ɗin a digiri 20 aka daidaita shi, ruwa kuma yana buɗewa kusan kashi 0.02 a kowane digiri, digiri goma ma kashi 0.2 ne kawai.

Lura da abin da ban sa a lissafin nan ba: ƙarfin NaOH ɗin kansa. Tambayata ɗaya, wa ya ce miki 0.1000 ne? Da me aka tabbatar?

Yar_Lab

Na gode ƙwarai Baba, wallahi ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba. NaOH ɗin rukuninmu ne ya haɗa, an auna giram 4.00 na ƙwayoyin a sikeli aka narka a filas na lita ɗaya aka cika zuwa layi, shi ne aka rubuta 0.1000 M a jiki, takardar aikin ba ta ce a yi wani abu bayan haka ba. Ya ɗan kwana biyu kuma a kwalbar, ana buɗewa ana rufewa. Malam Dan_Kididdiga a littafina ban rubuta komai a kan zagaye na huɗun ba don haka zan bar shi kamar yadda ka ce. Yanzu Baba sai na sake komai daga farko kenan, ko akwai yadda za a ceto lambobin nan?

Tsohon_Ma'aikacin_Lab

Yawwa, ga inda gizo ke saƙar. NaOH ba ya cikin sinadaran da ake aunawa a sikeli a yarda da nauyinsu. Ƙwayoyin nan tun suna kan sikeli suke shan danshin iska, za ki ga suna sheƙi suna jiƙewa lambar tana hawa a gabanki, sannan suna shan CO2 su koma kabonet, ko sabuwar roba aka buɗe ba ɗari bisa ɗari ba ce. Don haka cikin giram 4.00 ɗin nan wani kaso ruwa ne wani kaso kabonet. Shi kabonet in da fenoftalin ake aiki rabin aiki yake yi, a bakabonet yake tsayawa lokacin da launi ya juya. Duk waɗannan gefe ɗaya suke turawa: ruwan ya fi abin da aka rubuta rauni, sai buret ya ci da yawa, sai asid ya fito kamar ya fi ƙarfinsa. Daidai abin da kika gani. In na juya lissafin, na ɗauka asid ɗin 0.0960 ne da gaske, NaOH ɗinku bai wuce wajen 0.0986 zuwa 0.0988 ba. Sifili ukun nan da aka jera a 0.1000 ado ne kawai.

Amma kar ki ɗauki 0.0988 ɗin nan nawa ki sa a lissafi fa, in kin yi haka kin yi amfani da amsa don ki samo amsa. Ki nemi KHP, shi ne gishirin da ake yarda da nauyinsa, ba ya shan danshi, nauyin mol ɗinsa 204.22. Ki busar da shi a oban a wajen digiri 110 kamar awa biyu, ya huce a desiketa, mazubin da ke hana danshi shiga, ki auna wajen giram 0.5 a sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo, wannan zai ci kusan mil 24.5 zuwa 25, kusa da inda kike aiki a buret ɗin, sai kuskuren buret ɗin ma ya rage tasiri tunda wuri ɗaya kike amfani da shi a duka biyun. Ki narka a ruwan da aka tafasa aka huce don a kori CO2, ki yi aƙalla sau uku ko huɗu, kowanne da nasa awon.

Batun ceto lambobin, in kwalbar ɗaya ce kuma ba a daɗe ba za ki iya sa sabon ƙarfin a tsofaffin lambobin ki faɗi haka a rifot, amma tunda ana ta buɗe ta ni da zan so ki yi KHP da asid ɗin rana ɗaya, buret ɗaya, idonki ɗaya, kuma ki tsaya a launi iri ɗaya, hoda mai haske da ta zauna kamar daƙiƙa 30. Ki ɗauraye buret da NaOH ɗin kansa ba da ruwa kaɗai ba, ki kori iskar da ke maƙalewa ƙarƙashin famfon, kar kuma ki hura ɗigon ƙarshe na fifet, an yi lissafinsa a ciki. Bayan haka ki sake t ɗin da 0.0960. In ya faɗo ƙasa da iyaka kar ki rubuta wai kin tabbatar babu karkata, ki rubuta cewa ba ki ga shaidar karkata ba a wannan matakin, don mai warwatsattun lambobi ma t ɗinsa ƙarami yake fitowa, ba don ya iya aiki ba.

Malama_Fiziks

Ina bin zancen nan tun ɗazu ina jin daɗi, bari in ɗan sa baki duk da ba fagena ba ne. Abin da Baba ya yi na kwatanta girman bambanci da girman rashin tabbas shi ne ya taɓa fito da sabon sinadari sukutum. Lord Rayleigh a Ingila yana auna nauyin iskar naitirojin, wadda ya tace daga iskar sararin sama tana ba shi wajen giram 2.310 a kwalbarsa, wadda ya samo daga sinadarai irin su amoniya kuma wajen 2.299. Bambancin kusan kashi rabi cikin ɗari ne, bai ma kai naki ba ƙanwata, wani da cewa zai yi ai kusa ne ya haɗa su duka ya ɗauki matsakaici. Shi kuwa ya san awonsa ba ya warwatsuwa haka, kowane rukuni lambobinsa a dunƙule suke, har ya rubuta wa mujallar Nature a 1892 yana neman wanda zai bayyana masa dalili. Shi da William Ramsay suka bi diddigi suka sanar da gano agon a 1894, a 1904 kowannensu ya karɓi kyautar Nobel.

Sai dai ina da 'yar ja da lissafin Baba a wuri ɗaya, ninkawa da biyun nan. Tunda mafi girman kason rashin tabbas ɗin daga lambobi biyar kacal ya fito, biyu ta yi kaɗan, ya kamata a ɗan ɗaga ta zuwa wajen 2.3 ko a faɗi a fili cewa an yi sassauci. Ba zai canza hukuncin ba, 0.35 ta yi nisa ko ta yaya, amma tunda ɗaliba ce gara ta sani.

Sharp_Sharp

To Malama ita dai Yar_Lab ba agon ta gano ba, NaOH ɗinsu ne ya sha iska, lol. Na karɓi gyara a kan kashi 90 ɗin. Amma tambaya Baba, in babu KHP a lab ɗin fa, ba za ta iya amfani da asid ɗin nan 0.0960 ta daidaita NaOH ɗin ba tunda an san ƙarfinsa?

Tsohon_Ma'aikacin_Lab

Malama gyaranki ya karɓu, da lambobi kaɗan haka biyu ta yi sassauci, 'yata ki rubuta abin da kika ninka da shi a rifot ɗin kowa ya gani. Kai kuma ɗana, za ta iya in wani asid na daban za ta auna daga baya, amma ba wannan ba, don shi ne abin da ake jarraba ta a kai, ba a zama alƙali a shari'ar kai. In babu KHP ta tambayi mai kula da lab ko akwai asid ɗin okzalik ko sulfamik mai tsafta, ko wata kwalbar HCl ta daban mai takardar shaida. Kuma in za ku haɗa sabon NaOH ku zuba shi a robar da ke rufuwa gam ba kwalbar gilas mai murfin gilas ba, yana cin gilas murfin ya liƙe, ku rubuta ranar da aka daidaita shi a jiki, in ya yi sati biyu ana buɗewa a sake daidaitawa kafin a yi aiki da shi.